Tsohon kik ko ƙaramin mai giya: wanne za ka ɗaura wa tsohuwar motarka?

Tsakiyar watan Afrilu ne, rana ta take. Mun taso daga Illela a tsohuwar motar mahaifina, wadda ta haura shekara 30 tana aiki, muka tsaya a Gwadabawa muka yi sallar Azahar. Da muka dawo na murza makulli, sai injin ya yi nishi sau biyu, gur, gur, kamar raƙumin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya yi shiru. Alhali da asuba bugu ɗaya ta tashi a Mabera. Samari huɗu ne suka tura mu ta kama. Washegari na sayi sabon batir, bayan kwana biyar ta sake yi mini haka a bakin kasuwa.

Wani dattijo mai wayarin ne ya warware mini matsalar. Ya sa na bar injin yana aiki har ya yi zafi, na kashe, ya ɗora mitarsa a kan batir ya ce in buga. Ya dubi mitar, ya ɗora tafin hannu a kan babbar wayar da ta sauka zuwa kik, ya janye da sauri. Ya ce, "Ɗana, batirin ga lahiyatai lau. Kik ɗin ne ka shanye wuta in ya yi zahi." Na ce, "To Baba, gyara za a yi ko canji?" Ya ce wannan kuma ya danganta da aikin da motar take yi da abin da ke aljihuna.

Amsar wannan tambaya ce na zauna in rubuta, don mai tsohuwar mota da aka ce masa ya jefar da babban kik ɗinsa ya ɗaura ƙaramin nan mai giya a ciki, yana ta wasi-wasi. Ra'ayina tun daga farko shi ne: ƙaramin kik mai giya ya fi tsohon, musamman a gari mai zafi irin Sakkwato, amma fifikon nan bai da amfani sai an cika sharaɗi biyu. Na farko a tabbatar kik ɗin ne mai laifi. Na biyu a samu wanda ya dace da filawil ɗin motarka, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora da kik ke juyawa, haƙori da haƙori.

Ka fara tabbatar da mai laifi

Kik da yawa da ake cirewa a gareji lafiyarsu ƙalau, waya ce ko batir ya ja musu. Gwajin bai kai minti goma ba. Batirin da ya cika, in motar ta kwana a kashe, yana nuna kusan volt 12.6. Lokacin da ake buga kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. In ya sauka, ko dai batirin ya gaji, ko kik ɗin yana jan wutar da ta wuce ƙima, kuma ana bambancewa ta hanyar gwada wani batirin da aka san lafiyarsa. Daga nan a ɗora mita tsakanin kan batir da notin da babbar waya ta shiga a jikin kik, a buga. Abin da ya ɓace a hanya kada ya wuce rabin volt. A yi haka ga wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, domin ita aka fi mantawa, ita kuma ta fi yin tsatsa. In ka ga farin gari ko kore a kan batir, ko wayar ta kumbura a ƙarƙashin robarta, to ka fara da nan.

Akwai kuma taimin. Injin fetur da aka kai taimin ɗinsa gaba da yawa yakan yi wa kik gardama in ya yi zafi, ka ji yana juyawa yana tsayawa. Sabon kik ba zai gyara wannan ba.

Mene ne bambancin?

Aikin kik ɗaya ne tun da Charles Kettering ya ɗaura shi a motar Cadillac a 1912: ƙaramin injin lantarki ya tura bendis, wato ƙaramar giyar da ke bakin kik, cikin haƙoran filawil, ya juya inji har ya kama. A tsohon tsari, amacar kik ɗin, wato dunƙulen da ke juyawa a cikinsa, da bendis a sanda ɗaya suke, juyi ɗaya na amaca juyi ɗaya ne na bendis. Don ya samu ƙarfin juya inji a haka, dole a yi shi babba, da kwayil masu kauri da jan ƙarfe mai yawa. Shi ya sa yake da nauyi, yake kuma jan wuta sosai lokacin da yake juyawa a hankali.

A 1962 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da kik mai giya tsakanin amaca da bendis, amaca ta juya sau 3.75 kafin bendis ya juya sau ɗaya. Nippondenso na Japan, wanda yanzu ake kira Denso, ya yaɗa nasa samfurin a shekarun 1970, daga baya Bosch da Valeo da Mitsubishi da sauransu suka koma ga irin wannan tsari. Yau kusan duk sabuwar mota da shi take fitowa.

Duk direban da ya taɓa hawa tudu da lodin albasa ya san hikimar. A giya huɗu mota shaƙewa take, a giya ɗaya sai ta haye tana kuka. A ce filawil ɗinka yana da haƙora 130, bendis yana da 10, kuma ana so inji ya juya sau 200 a minti ɗaya. Bendis zai juya sau 2,600. A tsohon kik, iyakar gudun amacar ke nan. A mai giya mai ninki huɗu, amacar tana gudu fiye da sau 10,000 a minti, giya kuma ta mayar da gudun nan ƙarfi. Injin lantarki in yana gudu ba ya jan wuta kamar wanda aka danne, saboda haka ƙaramin kik yakan juya inji da sauri ba tare da ya tsotse batir ba. Nauyinsa kuma yakan tsaya kilo uku zuwa huɗu, inda tsohon yakan kusa ninka haka.

Batun zafi shi ne ya fi shafarmu. Jan ƙarfe yana ƙara tauri wajen barin wuta ta wuce da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya da ya ƙara zafi. In kik ya ƙara digiri 100, wato an samu ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, ka yi tafiya mai nisa, ka kashe mota, iska ta daina ratsa inji, duk zafin ya taru a jikin kik, musamman in yana kusa da bakin salansa. Tsohon kik da bushin ɗinsa ya riga ya ci, a nan yake kasawa. Abin da ya same mu a Gwadabawa ke nan.

Masu giyar iri biyu ne, kuma ya kamata ka gane su da ido. Akwai mai giya a gefe, wanda aka fi sani da samfurin Denso: za ka ga kamar gwangwani biyu a jere, ɗaya injin ne, ɗaya solinoid mai tura bendis da haɗa wuta, bendis yana fitowa ta saitin solinoid. Akwai mai giya a tsakiya, wanda ƙananan giyoyi, galibi uku, suke kewaya guda ɗaya a cikin zobe. Shi kamanninsa kamar tsohon kik ne da aka rage wa jiki, kuma yawancinsu maganaɗisu ne a manne a cikin jikinsu a maimakon kwayil.

Wani abu kafin mu ci gaba: ka leƙa ƙarƙashin motarka. Motocin Toyota da yawa tun shekarun 1980 da mai giya suka fito, haka yawancin motocin shekarun 1990. In taka tana cikinsu, maganarka ta gyara ce ko musanya da irinsa. Wannan zaɓi ya fi shafar masu irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da Marsandi samfurin W123 na 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da tsofaffin Land Rover da a-kori-kura da makamantansu.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Dacewa ita ce gaba da komai, domin kik ɗin da bai dace ba yana iya cinye filawil, kuma canza filawil sai an sauke giyabos. Sai ƙarfin juya inji a zafi da kuma sanyin asubar hunturu. Sai kuɗi, amma kuɗin gaba ɗaya: kik, aikin mai wayarin, waya, da abin da za ka sake kashewa in ya lalace. Sai ƙarko. Sai sauƙin gyara a nan gida, domin kik ɗin da sai an aika Kano neman kayansa zai ajiye maka mota kwanaki. Na ƙarshe, wace irin ɓarna zai yi in abin ya ƙi.

Zaɓi na farko: a gyara tsohon

Kada ka raina wannan. Tsohon kik ƙarfe ne na gaske, kuma abubuwan da ke ci a cikinsa sanannu ne: kabon, bushin na gaba da na baya, bendis, da solinoid. Duk mai wayarin da ya kwana biyu a sana'a ya buɗe ɗaruruwansu. Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta a duk zaɓuɓɓukan, kuma babu maganar dacewa tunda daga jikin motar aka ciro shi. Da safe a cire, kafin La'asar an mayar.

Ingancin gyaran ya rataya ne a kan abin da aka gani bayan an buɗe. In kabon ne kawai ya gajarce, bushin ya ɗan buɗe, to an canza su kik ya dawo kamar da, zai kuma yi shekaru. Amma ka nemi a nuna maka amacar. In ka ga jikinta ya yi sheƙi a gefe ɗaya, alamar tana gogar bango ne saboda bushin ya ci. In wurin da kabon ke hawa ya yi rami mai zurfi, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga dalma ta narke ta fantsama a cikin murfi, to kik ɗin ya sha wuta fiye da ƙima. Irin wannan ana iya naɗa masa sabuwar waya, amma naɗin hannu ba kasafai yake kai na asali ba, kuma kuɗin yakan matso kusa da na wani kik ɗin.

Abin da gyara ba ya canzawa shi ne halin kik ɗin. Zai ci gaba da jan wuta mai yawa, zai ci gaba da son batir mai ƙarfi. A garin da zafi ke rage wa batir kwana, wannan kuɗi ne da za ka riƙa biya a hankali.

Zaɓi na biyu: ƙaramin mai giya na Beljiyam

A nan zan daɗe, domin shi ne zaɓin da na fi ba mutane shawara, shi ne kuma wanda aka fi yin kuskure a kansa.

Kik na Beljiyam na asali ne, kamfanin da ya yi wa masu ƙera mota shi ya yi shi, an dai yi amfani da shi a wata ƙasa. Ana samu a wajen masu sayar da kayan mota a cikin gari, in ba a samu ba a yi odarsa daga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Kuɗinsa yakan fi na gyara, amma bai kai na sabo mai suna ba. Dabarar ita ce a nemi na injin da yake dangi ɗaya da naka amma na shekarun baya-bayan nan, domin kamfanoni da dama sun ci gaba da inji iri ɗaya suka canza masa kik kawai. In aka dace da irin wannan, notuna biyu ko uku ne, waya biyu, an gama.

Na ga yadda dattijon nan yake gwada dacewa, kuma tun daga ranar ban yarda a yi mini ba haka ba. Ya ajiye tsohon da wanda aka kawo a kan benci, baki da baki. Ya ɗauki alli ya shafa wa haƙori ɗaya na bendis, ya riƙa juyawa da babban yatsa yana ƙirgawa a fili har ya dawo kan allin. Ya yi wa ɗayan haka. Sannan ya haɗa bendis ɗin biyu ya ga ko haƙoransu suna shiga juna daidai, domin adadi yana iya zama ɗaya kaurin haƙori ya bambanta. Ya ɗora kwali a fuskar tsohon ya huda ramukan noti, ya ɗora a kan ɗayan. Ya auna daga fuskar da ke manne da giyabos zuwa bakin bendis, yana zaune da kuma bayan ya fito. Daga ƙarshe ya taka kik ɗin da ƙafa, ya ba shi wuta, ya dubi ɓangaren da yake juyawa. Na farkon da aka kawo ya faɗi a gwajin tsawo, bendis ɗinsa bai kai ba. Ya mayar wa yaron shago ya ce, "Kai mai shi, ba shi ne ba."

A wasu lokuta adadin haƙoran bendis yana bambanta da ɗaya kuma kik ɗin ya dace, saboda kamfanin ya ɗan matsar da sandar. Wannan sai in lambar da ke jikin kik ta nuna an yi shi don injinka. In babu wannan shaida, ka tsaya a kan adadin tsohon.

Wajen ƙarko, mai giya a gefe ya fi kwanta mini. Ciwonsa sananne ne kuma mai arha. In ya tsufa za ka murza makulli ka ji ƙas, ƙas, sai a karo na uku ko na huɗu ya juya. In aka kwance ƙananan notuna uku na murfin solinoid, za a ga guntayen jan ƙarfe biyu da wani faifai da ke bugunsu. Ɗaya daga cikinsu zai zama ya ci har ya yi kamar matakala. A canza su, kik ya koma aiki. Mutane da yawa sun jefar da kik mai kyau saboda guntun ƙarfen da bai fi farce girma ba.

Mai giya a tsakiya ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin shiga wuri mai matsi, amma yana da doka ɗaya da dole direba da yaron mota su sani: ba a dukansa. Mun saba in tsohon kik ya ƙi, a ɗauko sifana ko guduma a ƙwanƙwasa masa ya tashi. Maganaɗisun da ke cikin ƙaramin kik kamar tangaran yake, duka ɗaya mai ƙarfi yana fasa shi, gutsattsarin su shiga tsakanin amaca da bango, shi ke nan an rasa kik. A wasunsu kuma zoben da giyoyin ke kewayawa a ciki na roba ne mai tauri, wanda dogon bugu ba hutawa yake cinyewa.

Haɗarin Beljiyam shi ne ba ka san tarihinsa ba. Juyawar kik a ƙasa ba kaya a kansa ba ta nuna ƙarfinsa, ko wanda ya kusa mutuwa yana juyawa a haka. Ka yi ciniki a kan cewa za a ɗaura, a gwada injin da sanyinsa da zafinsa, in bai yi ba a canza maka. Ka kuma dubi kan notunan jikinsa: in sun sha sifana, ko an fesa masa sabon fenti har kan lamba, to an taɓa buɗe shi a nan gida, kuma bai kamata ka biya kuɗin wanda ba a taɓa ba.

Zaɓi na uku: sabo na kamfani sananne

Sabon Bosch ko Denso ko Valeo na gaskiya shi ne mafi tsada, kuma farashinsa yana bin dala. Abin da kake saya shi ne kwanciyar hankali: kabon cikakke, giris sabo, lamba da ta yi daidai da injinka. Matsalarsa biyu. Ga tsofaffin motoci ba kullum ake samunsa a kanta ba, sai an yi oda an jira. Sannan kwali mai suna ba ya nufin abin da ke ciki na kamfanin ne, jabu ya yi yawa. Na asali lambarsa a fili take, rubutunsa ba ya gogewa da yatsa, zubin jikinsa sumul. Ka saya a wurin wanda zai ba ka rasit, wanda kuma za ka iske a shagonsa bayan wata shida.

Zaɓi na huɗu: sabo mai araha marar suna

Yana sheƙi, yana cikin kwali, wani lokaci kuɗinsa bai kai na Beljiyam ba. Akwai masu kyau a cikinsu, amma ba ka da hanyar ganewa daga waje. Inda ake rage kuɗin a ciki yake: siririyar waya, kabon mai laushi, ƙarfen bendis da ba a gasa shi sosai ba, ko kuma wanda awonsa bai zauna ba. Bendis mai laushi shi zai cinye, asararka kik ce kawai. Wanda awonsa ya karkace shi ne abin tsoro, domin haƙoran filawil yake gatsa kaɗan-kaɗan. Sannan in ya lalace, kabon da solinoid na wasu kik ɗin ba lallai su shige shi ba. Ni ba na ɗaukarsa sai a matsayin na wucin gadi.

A gefen wannan akwai wani aiki da ake yi da ya kamata in ambata: a ɗauko kik na wata mota dabam, a faɗaɗa ramin noti da fayil, ko a yanka faranti a yi walda don ya zauna. Akwai gwanayen da suke yi ya zauna daram. Amma tazarar da ke tsakanin bendis da filawil abu ne na milimita, kuma in aka kuskure za ka ji kik yana kuka mai kaifi ko yana gurzar ƙarfe. Wannan ƙarar ba ta wucewa da kanta.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarfi a zafi | Ƙarko | Ɗaurawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran tsohon | Mafi ƙasa | Matsakaici | Mai kyau in amaca lafiya | Babu matsala | Ciwon ya dawo da bazara |
| Mai giya a gefe, Beljiyam | Matsakaici | Mai kyau ƙwarai | Mai kyau, gyara da arha | Sai an gwada, yana son fili | Rashin dacewa, ba a san tarihinsa ba |
| Mai giya a tsakiya, Beljiyam | Matsakaici | Mai kyau | Mai kyau in ba a doke shi ba | Sai an gwada, ƙarami ne | Fashewar maganaɗisu |
| Sabo mai suna | Mafi sama | Mai kyau ƙwarai | Mafi daɗewa | Da sauƙi in lamba ta yi daidai | Jabu, jiran oda |
| Sabo marar suna | Ƙasa | Ba tabbas | Ba tabbas | Wani lokaci sai an yi dabara | Cin filawil |

Abubuwan da ake mantawa ranar ɗaurawa

A cire wayar batir ta jikin mota kafin a taɓa komai, domin babbar wayar kik tana ɗauke da wuta ko mota a kashe take. Da an cire tsohon, a haska rami da tocila, wani ya juya inji a hankali a duba haƙoran filawil zagaye ɗaya. Injin silinda huɗu yakan tsaya a wurare biyu ne, saboda haka a nan haƙoran suka fi ci. In sun guntule, kowane kik ka ɗaura zai riƙa zamewa.

A wasu tsofaffin motocin fetur masu kwantak, solinoid ɗin tsohon kik yana da ƙaramar waya ta uku da ke ba kwayil ɗin filogi cikakkiyar wuta lokacin bugu. Yawancin ƙananan kik ba su da wannan wurin. In aka bar wayar tana lilo, inji zai juya da sauri amma ya yi wuyar kamawa, sai a ɗora wa sabon kik laifi. Mai wayarin da ya san aiki zai haɗa ta ta rile, wato ƙaramin makunni da wuta ke kunnawa. Rile ɗin yana da wani amfanin: makullin tsohuwar mota da siririyar wayarsa sun gaji, ba sa kai wa solinoid isasshiyar wuta, rile yana ɗauke musu nauyin.

Masu Golf 2 da wasu Golf 3 na manuwal su lura cewa bakin sandar kik ɗinsu yana shiga wani bushin ne da ke jikin giyabos. In bushin ɗin nan ya ci, ko sabon kik aka sa zai yi nauyi. Masu tsohuwar Land Rover ta fetur kuma, kik ɗinta na asali solinoid ɗinsa a waje yake, bendis ɗin yana shiga filawil da ƙarfin juyi ne, saboda haka wayarin sai an sauya.

Kada a cika wa sandar bendis giris. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bendis ya maƙale. Kuma ko wane iri ka zaɓa, kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar shi ya huta kafin a sake. Ƙaramin kik bai da jikin da zai shanye zafi kamar babban, ya fi shi saurin ƙonewa a hannun mai naci.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In motarka ta gida ce, daga Arkilla zuwa wurin aiki, ranar Juma'a zuwa masallaci, kuma an buɗe kik an ga amaca lafiya, ka gyara tsohon, ka canza manyan wayoyi biyun nan. Ragowar kuɗin ka sa a batir mai kyau.

In motar haya ce, tana Sakkwato zuwa Illela, ko Tambuwal, ko Goronyo, ana kashewa ana tayarwa sau da yawa a yini cikin rana, to ƙaramin mai giya na Beljiyam ne naka, kuma in akwai filin da zai shiga ka ɗauki mai giya a gefe. Shi na ɗaura wa motar mahaifina, bazara biyu ke nan ba a tura ta ba. In wurin ya matse, ko tsohon yana dab da salansa, ɗauki mai giya a tsakiya, ka sa a yi masa garkuwar faranti tsakaninsa da salansa, ka kuma gargaɗi yaron motarka a kan duka.

In injin gas ne, wato dizal, kada ka dubi ƙanƙanta, ka dubi lambar ƙarfi a jikin kik. Na ƙananan motocin fetur yakan kasance kilowat 1 zuwa 1.4, na gas yakan fara daga kusan kilowat 2. Injin gas sai ya juya da sauri yake kamawa, saboda haka mai giya yana taimakonsa ƙwarai da asubar Disamba da Janairu, muddin hitar da ke ɗumama silinda da batir suna da lafiya. Kik na fetur ko ya shiga ramin, ba zai daɗe ba.

In motar tana shiga ƙauyukan da babu mai wayarin kusa, ko tana ɗaukar iyali tafiyar dare, kuma otomatik ce da ba a tayar da ita da turi, ka daure ka nemi sabo mai suna daga amintaccen shago.

In kuwa kik ya mutu maka a hanya kuma abin da ke aljihu bai kai ko'ina ba, sayi marar sunan ka isa gida, amma kada ka bar tsohon a wurin mai gyara. Ka taho da shi, a canza masa kabon da bushin, ka nannaɗe shi a buhu ka ajiye a but tare da sifana mai lambar notunansa.